Wuƙar da Gishiri Bai Ci Ba

Tumbe, tsibirin Pemba
Watan Rajab

Zuwa ga ɗana Faki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin Durban da kake ta yi mana kuka da shi? Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana, Baba Pandu, yana gaishe ka. Gwiwarsa ta yi sauƙi, bakinsa ne dai har yanzu ba a samo maganinsa ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ka san a garin nan waya ba ta kamawa sai a gindin mangwaron bakin kasuwa, kuma duk wanda ya tsaya a wurin, rabin Tumbe ne ke taya shi sauraro. Maganata ba ta kasuwa ba ce.

Ka tafi ka bar mu muna noman mwani, ciyawar tekun nan da muke sayarwa, a bakin gaɓa, ruwa iya gwiwa. To ruwan gaɓa ya yi zafi yanzu, ciyawar sai ta yi fari ta ruɓe a kan igiya. Shi ya sa ni da wasu mata muka haɗa kai muka koma can ciki, inda in mutum ya tsaya a kafaɗar wani ma ruwa zai shanye su. Eh, gwaggonka ta koyi iyo da furfurarta. Yi dariyarka, ba na ganinka. A can, dutse muke saukewa ƙasa, mu ɗaura masa igiya, robobi su riƙe ta a sama, kuma dole sai an nutsa a ɗaure, a nutsa a kwance.

Kwanan baya igiyar dutse ta naɗe mini ƙafa ina ƙasa. Na laluba bakin zanena, na ciro 'yar wuƙar nan mai ninkewa da na saya a Wete, na ja, na ja, ta ƙi buɗuwa. Tsatsa ta haɗe ta ta zama ƙarfe ɗaya. Siti, abokiyar aikina, ita ta nutso ta warware ni. Na fito ina aman ruwa, idona ja zur.

Labari ya riga ni zuwa gida. Baba Pandu ya ce, "Mize, ki saurare ni da kyau. In haka ta ƙara faruwa, ke da zurfi kun yi sallama." Na san shi, in ya faɗi magana a hankali ba ya janye ta. Ni kuwa ban koyi iyo don in koma tsugunno a taɓo ina kallon ciyawata tana mutuwa ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, na tsorata ƙwarai.

Ga tambayata. Wai akwai ƙarfen da gishiri ba ya ci? Manyan jiragen da kake gadi shekara da shekaru suna zaune cikin teku, ma'aikatansu da me suke yanke igiya? Ka bincika mini. Wuƙa nake so wadda ranar da na neme ta za ta amsa.

Gwaggonka,
Mize

*

Durban
Farkon Sha'aban

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kun wuni lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Ni lafiyata ƙalau, sai dai wasiƙarki ta hana ni cin abincin rana. Kullum in na tuna ki, a bakin murhu nake ganinki kina kankare kwakwa, ashe kina can ƙasan teku kina kokawa da igiya.

Akwai wani shago kusa da ƙofar tashar jiragen da nake gadi, na wata tsohuwa Ba'indiya, Madam Pillay. Na je na ce a ba ni wuƙar da ba ta tsatsa. Ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "Ba ta tsatsa a kicin, ko ba ta tsatsa a teku?" Na ce dama da bambanci? Ta ce in zauna.

Gwaggo, ashe ƙarfe iri-iri ne kamar shinkafa. Akwai mai ɗaukar kaifi sosai, shi ne gishiri ya fi so. Akwai wanda gishiri ba ya taɓawa sam, amma yana saurin dakushewa. Akwai na tsakiya. Har waɗanda aka rubuta musu a jiki cewa ba sa tsatsa, ta ce yawancinsu da ruwan famfo suke alkawari. Mai ninkewa kuwa ta ce ki manta da ita, ko ƙarfen bai ci ba, yashi zai shiga maƙogwaronta.

Ban yarda da magana kawai ba. Ta ara mini tsofaffin wuƙaƙen da take nuna wa masu saye, na ɗebo ruwan teku a kwalabe na jera a taga. Da safe in tsoma su, da rana in fitar su sha iska, don ta ce jiƙewa da bushewa ne ke kawo tsatsa, ba zaman cikin ruwa ba. Abokin ɗakina Lusajo, mutumin Mbeya, ya shigo ya gani ya ja da baya. Ya ce, "Dama an gaya mini kada in haɗa ɗaki da ɗan Pemba, wai kun iya asiri. Wa za ka gama da shi?" Na ce tsatsa. Har yau ta gefen ƙofa yake kwana.

Akwai wata da ta shiga raina, irin ta sojojin ruwa, baƙa wuluk daga ƙota har tsini, wai don kada ta yi walƙiya abokin gaba ya gani. In kin riƙe ta sai ki ji kin ƙara tsawo.

Amma ki amsa mini waɗannan tukuna. Igiyarku kaurinta ya kai yatsa? Ta roba ce ko ta zaren kwakwa? A ina za ki rataya wuƙar? Kuma in kin nutsa, kina ganin abin da ke gabanki, ko lalube kike yi?

Ɗanki,
Faki

*

Tumbe
Tsakiyar Sha'aban

Faki ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an fara tanadin azumi, rogo ya yi kyau bana. Ka gaishe mini da ɗan Mbeya, ka ce ya koma gadonsa, mu ba ma aiki da kwalaben da ake gani.

Baƙa kuwa a'a. Wane abokin gaba ne zai hango ni, kifi? In ta suɓuce mini ta faɗi cikin ciyawar ƙasa, da wane ido zan gan ta? Ka nemo mai launin da ko makaho zai yi tuntuɓe da shi.

Igiyar da muke ɗaura mwani siririya ce, ko da haƙori sai a yi maganinta. Ta dutsen ce matsala, roba ce, ta kai babban yatsanka, kuma in ta jiƙa ta yi gansakuka santsi gare ta, wuƙa zamewa take yi a kai. Maganar ratayawa ta ba ni dariya. Ka taɓa ganin gwaggonka da bel? Doguwar riga nake shiga ruwa da ita, da wando a ciki, da kallabi ɗaure tamau. Gani kuwa, in ruwa ya kwanta ina ganin har ƙwayar yashi, in iska ta taso ko tafin hannuna ba na gani.

Ni ma ina da tambaya. Wannan ƙarfen da gishiri ba ya ci, me aka sa masa? Tun da na karanta wasiƙarka nake kallon ƙusoshin kwalekwale da cokulan gida da wani ido. Na jefa cokali ɗaya a ƙwaryar ruwan gishiri a bayan ɗaki, Baba Pandu ya gani ya ce haukar ta gado ce.

Mize

*

Durban
Ƙarshen Sha'aban

Gwaggo,

Ina gaishe ku, Allah ya kai mu azumi lafiya. Wannan takarda da ƙunshin da ke tare da ita na ba wani direban mota mai zuwa Dar es Salaam, zai miƙa wa masu jirgin Wete.

Kwalabena sun yi magana. Baƙar da nake yabo ita ta fara ba ni kunya, fentin ya ɗaye a bakin kaifi, tsatsa ta bi ta ƙarƙashinsa kamar ƙaiƙayi. Wasu biyu sun yi ɗigo-ɗigo ja. Guda ɗaya ce ta fito fes, ita na saya miki sabuwarta. Na tambayi Madam Pillay me aka sa wa ƙarfen, ta ce ba sawa aka yi a kai ba, tun wurin narkawa aka canja masa haɗi. Iyakar abin da na gane ke nan, ita ma ina jin iyakar nata ke nan.

Ba ta ninkewa. Ƙotarta ruwan lemo ce. Rabin bakinta sumul ne mai kaifi kamar aska, rabin da ke kusa da ƙota haƙora ne irin na zarto, su ne na igiya mai santsi. Kubenta na roba ne, don fata ruɓewa take yi a gishiri, kuma yana da maɗauri, ki ɗaura a hannun hagu ƙasa da gwiwar hannu, ki zaro da dama. Na gwada ta a kan igiyar jirgi, ja biyu ta raba ta. In kin dawo daga ruwa ki ɗauraye ta da ruwan rijiya.

Yanzu zan iya barci.

Faki

*

Tumbe
Watan Azumi

Ɗana,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya, Allah ya karɓi ibadarmu da taku. Saƙo ya iso, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mai yi maka.

Kai, Faki, wannan wuƙa! Kullum tana ruwa tare da ni, ko ɗigon ja babu. Cokalina na bayan ɗaki kuwa ya zama abin tausayi. Baba Pandu ya juya ta, ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya ce, "Hm." Ka san a wurinsa wannan waƙar yabo ce. Da yamma na same shi yana fede kifi da ita, wai yana duba mini ne ko tana da aibi.

Gidanmu ya zama wurin kallo. Liman ya aiko a kai masa ya gani, ya yanka zakara da ita ya ce bai taɓa yanka mai sauƙi irin wannan ba, ko dabbar ba ta wahala. Maƙwabciyata Bi Mtumwa ta are ta ta gyara naman buɗa-baki, ta dawo da ita tana santi. Har suna aka sa mata, 'Yar Durban.

Tsoron ya ragu. In na nutsa na ji ta a hannuna, sai in tsaya in ƙare ɗaurina a natse, har in kalli ƙananan kifayen da ke kiwo a cikin mwani.

Mize

*

Tumbe
Bayan ƙaramar Sallah

Faki,

Muna gaishe ka. Ba dogon rubutu zan yi ba, hannuna ba ya so. Igiya ta kama Siti. Tana da rai, amma hannunta ya ji ciwo. Ranar da na nemi wuƙar, ba ta yi mini amfanin komai ba. Baba Pandu ya hana ni zurfi.

Mize

*

Durban
Watan Zulƙida

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina yi wa Siti sannu, Allah ya ba ta lafiya. Wannan ce takardata ta biyu, ban ji amsar ta farko ba. Na kira wayar Baba, ya ce mini "lafiya lau" ya kashe.

Ranar da na karanta saƙonki ban san lokacin da na isa shagon Madam Pillay ba. Na ɗaga mata murya a gaban mutane, na ce ta sayar mini da abin da ya kusa kashe mutum. Sai ta ɗauko irin wuƙar, ta ɗauko igiya ta jiƙa, ta miƙo mini. Na yanka, ta yanku. Na shafa wa igiyar sabulu, ta yanku. Na cusa yashi a kuben, wuƙar ta fito. Na rufe ido na zaro da hannu ɗaya, ta fito. Na rasa inda laifin yake, kuma rashin sanin yana cina.

Don Allah ki gaya mini. Karyewa ta yi? Ta maƙale a kube? Maɗaurin ne ya tsinke ta faɗi? Haƙoran sun dakushe? Ni na zaɓa, ni na ce miki zan iya barci. In kuskurena ne ina so in san shi da sunansa.

Faki

*

Tumbe
Ƙarshen Zulƙida

Ɗana Faki,

Gaisuwa. Takardunka biyu sun zo tare. Siti tana samun sauƙi, ta ce a gode maka. Ka koma ka ba tsohuwar nan haƙuri, wuƙarta ba ta yi laifi ba. Wuƙar ba ta wurin ne sam.

Ka daɗe a waje, amma ba ka manta garinku ba. Maƙwabciya ta aiko neman garwashi, ko gishiri, ko wuƙa, ka taɓa jin an ce a'a? Wadda ta hana, da wane ido za ta shiga gidan biki ko gidan rasuwa? Bayan Sallah aka yi auren 'yar Bi Mtumwa. Ta shigo da kanta ta ce, "Mize 'yar'uwata, ara mini 'Yar Durban, akuyoyi ne kawai, kafin la'asar tana hannunki." Matar da ta wanke mahaifiyata ranar da ta rasu. Na ba ta.

Daga mai yanka ta koma hannun masu fiɗa, daga nan mata masu dafa shinkafar pilau, daga nan wani daga dangin ango ya ce su ma suna da yanka a Konde, zai dawo da ita gobe. Na aika, aka ce tana hanya. Na ƙara aikawa, aka ce wa ya ga Mize da rowa a kan ƙarfe.

Ruwa kuwa ba ya jiran biki. Lokacin girbi ya yi, in mun bari ciyawar ta zube. Na ɗaura kuben haka nan babu komai a ciki, na ja hannun riga na rufe, don Baba Pandu ya ga tudunsa ya bar ni in fita. Ka ji wautar tsohuwa.

Muna tsakiyar aiki iskar kusi, mai busowa daga kudu, ta juya. Siti tana ƙasa tana kwance igiyar dutse, kwalekwale ya ja, igiyar ta shaƙe mata yatsu. Na ga ba ta taso ba, na bi ta. Hannuna da kansa ya tafi kube. Faki, ban taɓa taɓa wani abu mai sanyi kamar wannan ramin ba. Na sa haƙori, roba ta ƙi. Sai da ni da wata muka rungumi dutsen muka ɗaga shi igiyar ta saki. Yatsunta biyu sun murƙushe, a asibiti sun ce da wuya su ƙara lanƙwasuwa. Washegari aka dawo mini da wuƙar a naɗe cikin ganyen ayaba, tare da halwa, alewar biki.

Baba Pandu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Ko an dawo da ita, gobe wani zai aro, ke kuma ba za ki hana ba. Ni ma ba zan iya hanawa ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Bayan babbar Sallah za a yi sabon dashe, in ban shiga ba za a ba wata gurbina a kwalekwale.

Na yi ta juya abin a raina har wata tambaya ta zo mini. Mun nemi wuƙar da ta fi kowace kyau, shi ya sa kowa ke sonta. To a duk shagon nan, babu wadda ba ta iya komai ba sai yanke igiya? Wadda in mace ta ara sau ɗaya ba za ta ƙara ba?

Gwaggonka

*

Durban
Farkon Zulhajji

Gwaggo,

Ina gaishe ku duka, da Siti musamman. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na ƙara karantawa a zaune. Duk tambayoyin da na jera miki, kaurin igiya, hannun dama, hannun hagu, ban tambayi wa zai zo aro ba. Ni da aka aika ni aron wuƙa gidan Bi Mtumwa tun ban iya ɗaura wando ba.

Na sayi lemo na kai wa Madam Pillay na ba ta haƙuri. Da na ba ta labarin ta dafe kai ta ce, "Mu ma haka muke da tukwane." Sai na ce ta nuna mini wuƙar da ta fi kowace muni a shagon. Ta yi dariya har da hawaye, ta jawo wani kwali daga ƙasan kanta.

Ga ta nan na aiko. Ƙarfen irin na farko ne, gishiri ba zai ci ba. Amma gajeruwa ce, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ba ta da tsini, kanta a daddatse yake. Bakinta haƙora ne tun daga sama har ƙasa, a bayanta kuma akwai ƙugiya mai kaifi a ciki, ki saƙala igiya ki fizga. Masu ceto a teku ne ke amfani da ita, don ko an cusa ta tsakanin igiya da fatar mutum ba ta huda shi.

Na gwada ta yadda ya kamata. Tumatir, ta mai da shi miya. Albasa, ta yayyaga. Lusajo ya nemi yanka burodi da ita, ya jefar ya ce wannan ba wuƙa ba ce, zagi ne. Na kai wa mahaucin masallacinmu na ce zai iya yanka kaza da ita? Ya ce in ji tsoron Allah. Igiya jiƙaƙƙiya kuwa, fizga ɗaya.

'Yar Durban ki bar wa gari. Wannan taki ce.

Faki

*

Tumbe
Watan Muharram

Ɗana,

Assalamu alaikum. Mun yi Sallah lafiya, da fatan kai ma haka. Siti ta fara fita, ba ta nutso, amma ita ke riƙe mana kwalekwale, kuma bakinta ya fi da kaifi.

Mummunar ta iso ana jibi Sallah, daidai lokacin da kowa ke neman abin yanka. Da aka ji an kawo mini sabuwa daga Durban, kafin azahar Bi Mtumwa ta shigo. Na miƙa mata da hannu biyu, fuskata a sake. Ta juya ta, ta duba gaba, ta duba baya, ta ce, "Mize, a hanya ta karye ne?" Na ce haka aka haife ta. Ta tafi da ita don kunya, ba a jima ba ta dawo da ita da kanta ta ce, "Yaron nan an cuce shi, kada ki gaya masa." Liman ko taɓa ta bai yi ba. Mutum uku suka ara, ba wanda ya ƙara. Ban hana kowa ba, kuma kullum tana rataye a ƙusarta.

Saura Baba Pandu. Na ajiye masa ita kusa da shayinsa, ya yi kwanaki yana kallonta ta gefen ido. Ran nan da safe ya ce, "Ɗauko abin nan naki ki biyo ni." Muka shiga ƙaramin kwalekwalensa mu biyu, ya tuƙa har can wajen gonarmu. Ya ɗauko dutse da sabuwar igiya mai kauri, ya ce in miƙo ƙafa. Da hannunsa ya ɗaure ni, ƙulli irin na masunta wanda ba ya kwantuwa.

Ya ce, "In kin fito da kanki, kin fito. Ni ba zan taimake ki ba, don ranar da abin zai faru ba na nan."

Na ce, "To, Malam, saki dutsen."

Ya ce, "Ke ko tsoro ba kya ji?"

Na ce, "Ina ji mana. Saki kafin ya ƙaru."

Ya saki. Dutsen ya ja ni ƙasa, ruwan a gauraye yake, ba na ganin komai. Na kai hannu kube, na ji ta a ciki. Na bi ƙafata da lalube, na cusa daddatsen kan tsakanin igiya da idon sawuna, ko ƙwarzane babu, na juya ƙugiyar na fizga. Sai na ji ƙafata ta zama tawa.

Na taso na ja numfashi, na kama gefen kwalekwale ina shirin yi masa dariya. Ba kowa a ciki. Hularsa ce kawai ke yawo a kan ruwa. Can sai ga shi ya ɓullo a bayana, da rigarsa da komai, da tsohuwar wuƙarsa mai tsatsa a baki, yana tari kamar zai mutu. Tsohon da ya ce ba zai taimake ni ba, ko ƙasa ban kai ba ya biyo ni. Ni na tura shi ya hau kwalekwalen, don gwiwar ta ƙi.

Muka kamo hanyar gida yana ɗigar ruwa, ni kuwa ban tsokane shi ba. Sai da muka kusa gaɓa ya yi gyaran murya, yana kallon wani wuri daban, ya ce, "Jibi da sassafe ruwa zai kwanta. In za ku yi dashen, kada ki tsaya shan shayi."

Mun dasa, Faki. Layina yana can, na uku daga bakin duwatsu.

Gwaggonka,
Mize